Shin Kwas Ɗaya Zai Isa a Koya wa Ɗaliban Jami'a Shugabanci?

Tambaya: Wani matashin malamin jami'a ya rubuto cewa an sanya shi cikin kwamitin da aka ɗora wa alhakin tsara yadda za a koya wa ɗalibai dabarun shugabanci. Ya ce mafi yawan 'yan kwamitin sun karkata ga a ƙirƙiro sabon kwas wanda kowane ɗalibi zai ɗauka a shekararsa ta uku, kuma yana so ya san ko wannan zai wadatar, in kuwa ba zai wadatar ba, me ya kamata ya kai gaban kwamitin.

Amsa: Malam, Allah ya taya ka riƙon wannan amana. Kwas ɗin da abokan aikinka suke magana a kansa yana da gurbi, domin sabon tsarin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na abin da za ta koyar ta tsara shi da kanta, saboda haka babu wata doka da za ta tare muku hanya. Sai dai ina roƙonka, kafin ku zauna taro na gaba, ka je ka leƙa ɗakin da ake koyar da kwasa-kwasan gama-gari na jami'arku, irin na zaman lafiya da sasanta rikici ko na sana'a da dogaro da kai. Za ka tarar da ɗalibai sun cika zauren har bakin taga, malami ɗaya yana fama da lasifika, kuma a ƙarshen zango a zaunar da su gaban kwamfuta su zaɓi amsa ɗaya daga cikin huɗu. Idan kwas ɗinku ya bi wannan hanya, kuma ita ce hanyar da duk kwas ɗin dole ke bi idan ba a yi masa tanadi na musamman ba, za ku yaye ɗalibin da ya ci babban maki wajen lissafo ire-iren shugabanci amma bai taɓa jagorantar taron mutum bakwai ba.

A shekarun da na yi ina hulɗa da shugabannin ɗalibai, sannan daga baya na riƙe sashe, abubuwan da na ga suna kayar da mutum ko su tsayar da shi ba su da yawa, kuma ba su da wani kwarjini a baki. Iya tsara abin da za a tattauna kafin a shiga taro, da iya rufe taron a kan matsaya maimakon a watse ana hayaniya. Rubuta bayanin taro ta yadda wanda bai halarta ba zai san abin da aka zartar da wanda aka ɗora wa aiwatarwa. Riƙe kuɗin jama'a tare da rasit. Sauraren wanda ya yi adawa da kai a zaɓe ba tare da ka mayar da shi abokin gaba ba. Komawa wurin waɗanda suka tura ka ka faɗa musu cewa abin da suka nema bai samu ba, da dalilin rashin samunsa. Sai kuma miƙa ragama ga magaji cikin tsari. Ana iya yin bayanin kowane ɗaya daga cikin waɗannan a allo cikin rabin sa'a, amma ba ya zama a jikin mutum sai ya yi shi da hannunsa, a wurin da kuskurensa zai shafi wasu, kuma akwai babba a kusa da zai tambaye shi. Makarantar allo ta daɗe da gane wannan: alaramma yakan damƙa wa gardi ƙolawa ya biya musu karatu, ya raba musu faɗa, ya lura da wanda ba shi da lafiya, alhali shi malamin yana zaune a zaure yana kallon yadda gardin ke yi. Da wannan ƙaramin nauyi ake gane wanda zai iya riƙe makaranta wata rana.

Abin farin ciki shi ne jami'a ba ta buƙatar ƙirƙiro irin waɗannan wurare, domin tana da su jingim. Kowane aji yana da wakili. Kowane sashe da kowace tsangaya suna da ƙungiyar ɗalibai mai shugaba da sakatare da ma'aji. Ga ƙungiyoyin 'yan jiha da na ƙaramar hukuma, ga na addini irin su MSSN ta ɗalibai Musulmi da FCS ta ɗalibai Kirista, ga kwamitocin ɗakunan kwana, ga 'yan agaji da 'yan Man O' War masu atisaye irin na soja, ga babbar ƙungiyar ɗalibai ta jami'a wadda a wurare da yawa take da ɓangaren zartarwa da majalisa har ma da kotunta. Idan ka ƙirga masu riƙe da waɗannan muƙamai a jami'a mai matsakaicin girma za ka sami ɗaruruwan matasa, suna karɓar kuɗin ƙungiya, suna shirya taruka, suna tsayawa tsakanin malamai da ɗalibai. Waɗannan sun riga sun shiga makarantar shugabanci. Matsalar ita ce makaranta ce da babu malami a cikinta, kuma abin da suke koya a can sau da yawa shi ne abin da suka ga 'yan siyasar gari suna yi: kasafta muƙamai bisa jiha da addini, buga kalanda da hoton shugaba, karrama wani attajiri da lambar yabo domin ya saki kuɗi, sannan a ƙare wa'adi babu wanda ya ga lissafi.

Na taɓa zama a kan ƙarar wani ma'ajin ƙungiyar sashe da aka zarga da cin kuɗi. Da muka bincika sai muka tarar yaron bai ci ko kwabo ba, hasali ma ya cika daga aljihunsa, amma yana zuba kuɗin ƙungiya cikin asusunsa na banki tare da kuɗin abincinsa, kuma bai ajiye rasit ko ɗaya ba. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce haka ya tarar wanda ya gada yana yi, kuma babu wanda ya taɓa ce masa akwai wata hanya daban. Saura kaɗan a kore shi daga jami'a a kan abin da bita ta yini ɗaya za ta hana faruwa. Tun daga ranar na daina ɗora laifin lalacewar ƙungiyoyin ɗalibai a kan ɗaliban su kaɗai.

Ya kamata ka san dalilin da ya sa hukumomin jami'o'i suke ɗari-ɗari da waɗannan ƙungiyoyi, domin za ka ci karo da wannan tsoro a cikin kwamitinku ko da ba a furta shi ba. A watan Afrilu na 1978 ɗalibai a faɗin Nijeriya suka yi bore a kan ƙarin kuɗin abinci da na masauki, boren da aka fi sani da sunan Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya a lokacin. An rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, kuma sai a 1980 aka kafa NANS a madadinta. A ranar 23 ga Mayu, 1986, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello, abin da ya tayar da tarzoma a wasu jami'o'in, sannan a 1989 gwamnatin Janar Babangida ta kafa dokar soja mai lamba 47 wadda ta mayar da shiga ƙungiyar ɗalibai ganin dama, ta kuma buɗe ƙofar rushe ƙungiyar da aka ga tana barazana ga zaman lafiya. Daga nan ne ya zama al'ada cewa da zarar an sami hayaniya sai a dakatar da ƙungiya, a naɗa kwamitin riƙo na yaran da ake ganin ba za su ɗaga murya ba, wani lokaci a shafe shekaru ba a yi zaɓe ba. Na fahimci shugaban jami'ar da ya yi haka, domin shi ne zai amsa tambaya idan aka ƙona gini ko aka rasa rai. Amma a ganina wannan magani ya haifar da cutar da ta fi wadda aka so warkarwa, saboda gurbin da zaɓaɓɓun shugabanni suka bari bai zauna fanko ba: a wasu wurare 'yan ƙungiyoyin asiri suka cike shi, a wasu kuma 'yan siyasa masu neman 'yan banga masu digiri. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga ɗaya fuskar lamarin. Ɗaliban da jami'an tsaro suka harbe a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu, 1990, 'yan ƙungiyar ɗaliban ƙasar ne, wato USN, kuma wannan ƙungiya tana cikin manyan ɓangarorin da suka zauna a babban taron ƙasa na 1991 wanda ya buɗe hanyar mulkin jam'iyyu da yawa. Ƙungiyar ɗalibai, ke nan, takan iya zama wurin da ƙasa ke samun masu iya zama a teburin shawara, idan an bar ta ta rayu.

To, abin da zan so ka kai gaban kwamiti shi ne a karkatar da mafi yawan ƙarfin shirin zuwa ga waɗanda suka riga suka riƙe muƙami. Duk wanda aka zaɓa a kowace ƙungiya mai rajista da ofishin kula da harkokin ɗalibai, kada a rantsar da shi sai ya halarci bita ta kwana biyu ko uku, kuma masu koyarwa a bitar su kasance mutanen da aikin yake sana'arsu ta yau da kullum: ma'aikacin ofishin magatakarda ya nuna yadda ake rubuta bayanin taro da wasiƙar hukuma, akanta daga ofishin ma'aji ya nuna yadda ake tsara kasafi da ajiye rasit, malamin shari'a ya bi da su cikin kundin tsarin mulkin ƙungiyarsu sashe-sashe, domin za ka yi mamakin yawan shugabannin da ba su taɓa karanta shi ba. Kowace ƙungiya ta buɗe asusu da sunanta wanda ba a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu, a karanta lissafi a gaban mambobi a ƙarshen kowane zango, kuma mai binciken kuɗi na jami'a ya duba littattafan sau ɗaya a shekara. Sannan a mayar da rubutaccen bayanin miƙa ragama ɗaya daga cikin sharuɗɗan da tsohon shugaba zai cika kafin a sa masa hannu a takardar sallama idan ya kammala karatu. Wannan sharaɗi na ƙarshe ba ya cin ko sisi, amma shi kaɗai yana iya canza halin ƙungiyoyi cikin shekara biyu, domin babu ɗalibin da ke wasa da abin da zai jinkirta masa tafiya bautar ƙasa.

Bayan haka a ba su kujeru a kwamitocin jami'a da suka shafi rayuwarsu, irin na masauki, da tsaro, da wasanni, da sufuri, da kula da masu sayar da abinci, kuma a aika musu da takardun taro a kan lokaci kamar yadda ake aika wa kowane mamba. Ɗalibin da ya zauna ya ga adadin kuɗin wutar lantarki da na man janareta da jami'a ke biya a wata, ya kuma ga abin da ke shigowa, zai koma wurin 'yan'uwansa da wata irin magana daban da ta wanda yake jin jita-jita a bakin ɗakin kwana. A wurin ne kuma zai fara ɗanɗana abin da Bahaushe yake nufi da babba juji ne, idan waɗanda suka zaɓe shi suka fara cewa an saye shi saboda ya yarda da wani ƙari da ya ga babu makawa. Wannan shi ne lokacin da yake buƙatar malami mai ba da shawara, kuma a nan zan ja kunnenka: uban ƙungiya na gari shi ne mai halartar taro ya zauna a baya, ya bari a yi kuskuren da ba zai yi ɓarna mai yawa ba, sannan ya kira shugaban shi kaɗai bayan an watse. Malamin da ya karɓe ragama yana yanke wa yara hukunci ya ɓata darasin kamar yadda wanda sunansa kawai ke kan takarda ya ɓata shi.

Akwai wata matsala ta musamman da za ka gamu da ita a wurin ɗalibanmu na Arewa, wadda littattafan shugabanci da ake shigowa da su ba su san da ita ba. Da yawa daga cikin yaran da suka fi cancanta ba sa tsayawa takara, domin an tarbiyyantar da su a kan cewa neman shugabanci rashin kunya ne, kuma sun san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori Abdurrahman ɗan Samura da kada ya nemi sarauta. Sakamakon haka sai fagen ya zama na masu baki. Yana da kyau a tattauna wannan da su a fili, a tuna musu cewa Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ce wa sarkin Masar ya sanya shi a kan taskokin ƙasa domin shi mai tsarewa ne kuma masani, kuma malamai sun kafa hujja da wannan aya a kan halaccin mutum ya gabatar da kansa idan ya san ya cancanta kuma akwai buƙata. Haka nan girmama na gaba, wadda dukiya ce da ba za mu so ta salwanta ba, takan sa wakilin ɗalibai ya shiga ofishin shugaban tsangaya da ƙorafi ya fito bai faɗe shi ba, sai gaisuwa da godiya, sannan abin da ya kasa faɗa cikin ladabi ya fashe a kan titi bayan mako biyu. Koya wa matashi yadda zai ce wa farfesa, "Ranka ya daɗe, ban gamsu da wannan ba, ga dalilina," ba tare da ya ɗaga murya ko ya sunkuyar da kai ya yi shiru ba, yana daga cikin manyan abubuwan da shirinku zai iya yi. Ɗalibai mata kuwa wannan nauyi ninki biyu ne a kansu, kuma galibi akan ware musu kujerar mataimakiyar shugaba ko ta walwala a ce an yi adalci. Ƙasar da Grace Alele-Williams ta shugabanci Jami'ar Benin tun 1985, kuma Gambo Laraba Abdullahi ta riƙe Jami'ar Abuja, bai kamata a ce ana mamakin mace ta riƙe ƙungiyar sashe a cikinta ba, amma sai an lura da abubuwa ƙanana kamar lokacin da ake sa taro, domin taron da aka sa bayan sallar isha'i ya riga ya sallami matan aure da masu zuwa daga gida.

Zan ƙara wani abu da ba ka tambaya ba, amma yana cikin maganar. Ɗalibai suna koyon shugabanci daga yadda ake shugabantarsu fiye da yadda suke koya daga abin da ake faɗa musu. A jami'o'inmu akan naɗa malami shugaban sashe saboda matsayinsa na ilimi ko saboda layi ya zo kansa, ya karɓi makullin ofis ranar Litinin ba tare da an taɓa koya masa yadda ake raba kwasa-kwasai tsakanin malamai, ko sasanta abokan aiki biyu da ba sa ga-maciji, ko tsara kasafin sashe ba. Ni kaina haka na karɓa, kuma shekarata ta farko ta tafi ne wajen gyara kurakuran watannina uku na farko. Ƙasar nan tana da wuraren horar da shugabanni, irin su Kwalejin Horar da Ma'aikata ta ASCON da ke Badagry tun 1973, da Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Ƙasa da ke Kuru tun 1979, da kuma Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya wadda ta horar da ma'aikatan gwamnati da na En'e tun kafin samun 'yancin kai, amma malamin jami'a da zai riƙe sashe ba kasafai yake bi ta ɗayansu ba, kuma tallafin da asusun tallafa wa manyan makarantu, wato TETFund, ke bayarwa na horar da malamai ya fi karkata ga neman manyan digirori da halartar tarukan ilimi. Idan sakamakon jarrabawa yana kwana wata shida bai fito ba, aka kuma yi wa wanda ya tambaya barazana, to duk abin da kwas ɗinku zai faɗa game da riƙon amana ya riga ya sha ruwa. Ka ba da shawara, cikin hikima saboda manyanka ne, cewa bitar da za a yi wa shugabannin ɗalibai a yi makamanciyarta ga sababbin shugabannin sassa da jami'an jarrabawa.

Idan kuma kwamiti ya dage a kan kwas, to ka yi ƙoƙari ya zama na zaɓi, a rukunonin da ba su wuce mutum talatin ba, kuma mafi yawan makin ya fito daga aikin da rukuni ya ɗauka ya kammala, kamar gyara famfon ɗakin kwana ko shirya darasin yamma ga yaran wata firamare ta maƙwabta, tare da kasafi da bayanan taro da rahoton abin da ya gagara. Abin karantawa ma ba sai an tsallaka teku ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano domin mutanen garin sun nemi jagora a kan yadda ake mulki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa, kuma Gidan Arewa a Kaduna da Gidan Mambayya a Kano, waɗanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, suna ajiye da takardun da ɗalibi zai ga yadda Sardauna da Malam Aminu Kano suka tunkari matsaloli na zahiri, kowanne da salonsa, har da inda suka saɓa wa juna. Masu son horon jiki da juriya kuwa, Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci, wadda asalinta ke komawa 1951, tana da sansani a tsaunukan Shere kusa da Jos.

Kada ku fara da jami'a gaba ɗaya. Ku ɗauki tsangaya ɗaya wadda shugabanta ya yarda da shirin, ku gwada shi na shekarar karatu ɗaya, kuna sane da cewa yajin aiki, kamar na wata takwas da aka yi a 2022, yana iya tsinka wa'adin shugabannin gida biyu, don haka a rubuta tun farko cewa wa'adi yana bin shekarar karatu ne. A ƙarshen shekarar abin da za ka kai wa majalisar jami'a shi ne amsar tambayoyi kaɗan da kowa zai iya tantancewa: ƙungiyoyi nawa ne suka karanta lissafinsu a gaban mambobi, nawa suka yi zaɓe a kan lokaci, nawa suka bar rubutaccen bayanin miƙa ragama, mata nawa suka tsaya takarar kujerar shugaba, kuma ƙorafi nawa aka warware a teburi kafin ya kai ga rufe ƙofar makaranta. Ka fara tattara waɗannan alƙaluma tun wannan zangon, kafin a taɓa komai, domin ka sami abin da za ka kwatanta da shi baɗi.